Kafireto ko injekta? Abin da ya kamata ka sani kafin ka sayi injin jirgin ruwa a Jigawa

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, lissafin duk wanda ke neman abinci da inji ya canza. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 sai da ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ɗan acaɓa ya ji a jikinsa, mai keke Napep ya ji, manomin rani mai injin ban-ruwa ya ji, haka ma masu fito da masunta da ke sa inji a bayan jirginsu.

Cikin garin Dutse babu babban kogi, amma ba sai ka yi nisa ba za ka tarar da ruwa. Ga madatsar Warwade a nan kusa, ga kuma Kogin Haɗeja da ya ratsa ta yankunan Ringim, Taura, Jahun, Miga da Auyo. Duk damina akwai ƙauyukan da ruwa ke yanke wa hanya, ta yadda zuwa kasuwa ko asibiti sai da kwale-kwale, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Har yanzu akasarin waɗannan jirage da hannu ake tuƙa su, shi ya sa matashin da ya samu jari, ko ƙungiyar gari da ta yi karo-karo, kan fara tunanin sayen inji. Da zarar ka shiga intanet neman farashi kuwa, za ka ci karo da iri biyu: mai kafireto da mai injekta, wanda ake rubuta wa EFI a jiki.

Bidiyoyin YouTube da ake yi a Amurka da Turai kusan duk amsa ɗaya suke bayarwa, wato ka sayi mai injekta. A wajensu amsar daidai ce. A nan kuwa abubuwa uku ne ke yanke hukunci: irin man da kake samu, wanda zai gyara maka injin, da yawan awannin da zai riƙa aiki a shekara.

Aikin da su biyun suke yi

Injin fetur ba mai kaɗai yake ƙonawa ba, haɗin mai da iska yake ƙonawa. Domin wutar ta ci yadda ya kamata, ana bukatar iska mai nauyin kusan kashi 14.7 ga kowane kashi 1 na fetur. Idan mai ya yi yawa, injin zai riƙa baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi, kuɗinka kuma yana fita ta salansa. Idan mai ya yi kaɗan, injin zai ɗau zafi, ƙarfinsa ya ragu, wani lokaci har fiston ya lalace.

Kafireto da injekta duk wannan aikin suke yi, wato auna mai su gauraya shi da iska. Bambancinsu yana wajen yadda suke awon.

Yadda kafireto ke aiki

Idan ka taɓa ganin tsohon famfon feshin maganin sauro, wanda ake tura wa iska da hannu sai maganin ya fito kamar hazo, to ka ga kafireto. Fiston yana zuƙo iska ta cikin wani bututu mai matsattsen wuya. Iskar na isowa wuyan sai gudunta ya ƙaru, nauyin danninta ya ragu, sai ta tsotso mai daga wani ɗan kofi da ke ƙasa ta wasu ƙananan ramuka da makanikai ke kira jet. A cikin kofin akwai wata 'yar roba da ke yawo a kan man, ita ke rufe hanya idan ya cika, kamar dai abin da ke cikin tankin ruwan bayan gida.

Babu kwamfuta a ciki, babu sensa, ba ya neman batir. Da sukundireba da sifana ɗaya ko biyu za ka kwance shi, ka wanke, ka mayar. Wannan shi ne ƙarfinsa.

Rauninsa kuma shi ne bai san halin da ake ciki ba. Girman ramin jet ɗaya ne ko da sanyin asubar Janairu ko da zafin azahar ɗin Afrilu da ke wuce digiri 40. Iska mai sanyi ta fi mai zafi kauri, amma kafireto ba ya iya gyara awonsa da kansa. Shi ya sa lokacin hunturu sai ka ja cok kafin babur ya tashi. Sannan idan aka ajiye inji watanni da mai a cikin kofin, man yakan bushe ya bar wani danƙo da ke toshe ramukan.

Yadda injekta ke aiki

A nan ba iska ke tsotso mai ba. Famfon lantarki ne ke turo shi da ƙarfi zuwa wani ɗan bakin feshi, wato injektar kanta, wadda ke buɗewa ta rufe cikin ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa. Mai ba ta umarni wata ƙaramar kwamfuta ce, wadda makanikan mota ke kira ƙwaƙwalwa. Ita kuma tana karɓar rahoto daga sensa-sensa: zafin injin, zafin iska, nauyin iskar da ke shiga, yadda ka murɗa totur, da saurin juyawar injin. Da waɗannan take lissafa adadin man da za a fesa a kowane zagaye.

Sakamakon shi ne injin yana tashi da wuri ko da sanyi, ba ya mutuwa idan an sassauta totur, hayaƙi kaɗan ne, mai kuma yana jimawa. Idan wani abu ya samu matsala, ƙwaƙwalwar tana ajiye lambar matsalar, ta kunna fitila ko ƙara. Da yawa daga cikinsu suna rage gudu da kansu idan injin ya yi zafi ko baƙin mai ya yi ƙasa, don kada ya ƙone.

Kwatanta su da wayoyi. Kafireto kamar ƙaramar Nokia mai tocila ne: ba ta da abubuwan burgewa, amma kowane mai gyara a bakin tasha ya san cikinta. Injekta kamar babbar wayar Android ce: ta fi iya aiki nesa ba kusa ba, amma ranar da allonta na ciki ya samu matsala sai ka nemi ƙwararre, wataƙila sai an dangana da kasuwar Farm Centre a Kano.

Dalilin da ya sa duniya ta koma injekta

Ba sabuwar fasaha ba ce. Tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin injekta mai aiki da lantarki, aka fara sa shi a motocin Volkswagen. Zuwa farkon shekarun 1990 an daina sayar da sababbin ƙananan motoci masu kafireto a Amurka. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, dokar hayaƙi da ta fara aiki a Afrilun 2020 ta sa kamfanoni suka mayar da mafi yawan baburan da ake sayarwa a can zuwa injekta. A ɓangaren jiragen ruwa, hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara matsa ƙa'idar hayaƙin injinan bayan jirgi daga 1998, har tsofaffin injina masu hayaƙi suka ɓace daga shagunan ƙasar. A Tafkin Tahoe ma an hana hawa ruwa da irinsu tun 1999.

Ka lura cewa doka ce ta ja ragamar wannan sauyi, ba masu saye ba. Kamfanonin ba su daina ƙera masu kafireto ba, kasuwa kawai suka canza musu. Yamaha na ci gaba da ƙera jerin injinanta da ake kira Enduro domin ƙasashen Afirka, Asiya da Kudancin Amurka, inda masunta da masu fito ke neman abu mai juriya da sauƙin gyara. Mai doki 15 da mai doki 40 na wannan jeri suna cikin injinan da aka fi gani a ruwayen Najeriya.

Tarkon da masu saye ke faɗawa

Mutane da yawa suna jin an ce mai injekta ya fi mai kafireto tattalin mai da kashi kaza, ba su san ana gwada abubuwa biyu ne a lokaci ɗaya ba. Bayan batun kafireto da injekta, akwai batun inji mai bugu biyu da mai bugu huɗu, wato abin da kake gani an rubuta 2T da 4T a jikin robar baƙin mai.

Mai bugu biyu shi ne wanda ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, kamar ƙaramin janareton nan mai hayaƙi da ake kira “na fi maƙwabcina”. A irin wannan inji, ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi suna buɗe tare na ɗan lokaci, don haka wani kaso na man yana ficewa ba tare da ya ƙone ba. A tsofaffin injinan jirgi wannan asara kan kai kashi ɗaya cikin huɗu, kuma cikin ruwan da ake kamun kifi take zuba. Mai bugu huɗu yana da bawul-bawul da ke rufe hanya, kuma baƙin mansa daban yake zaune, kamar na babur ɗin Boxer ko na mota.

Ke nan zaɓi uku ne a gabanka: mai bugu biyu da kafireto, mai bugu huɗu da kafireto, da mai bugu huɗu da injekta. Babban tsallen tattalin mai yana tsakanin na farko da na biyu. Ƙarin da ake samu daga na biyu zuwa na uku yana nan, amma bai kai wancan ba. Saboda haka idan dillali ya ce maka injinsa ya fi tattali, ka tambaye shi da wane iri ya gwada. Akwai iri na huɗu, mai bugu biyu da injekta, kamar Evinrude E-TEC, amma an daina ƙera E-TEC tun 2020, don haka ka yi hattara idan aka kawo maka shi a hannu da araha.

Tambaya ta farko: wane mai kake samu?

A bakin kogi ba kasafai ake samun gidan mai ba. Jarka ce da galan, ko 'yan bumburutu. Man da ya bi ta jarka biyu ko uku kafin ya iso gare ka yakan ɗebo ƙura, tsatsa da ruwa. Ko man gidan mai ma ba kullum yake da tabbas ba. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar nan, hukumomi suka tabbatar da haka aka janye shi, bayan ya riga ya lalata wa mutane motoci.

Gurɓataccen mai yana cutar da kowane inji, amma ba daidai ba. Kafireto zai toshe, injin ya riƙa tari, ka kwance ka wanke, cikin awa ɗaya ka koma aiki. A injekta kuwa, ramukan feshin sun fi na jet ƙanƙanta, famfon lantarkin kuma da man yake sanyaya kansa. Ruwa ko yashi na iya kashe famfon ko ya toshe bakin feshin, waɗannan kuma ba a cika gyara su ba, canzawa ake yi.

Wannan ba ya nufin mai injekta ba zai rayu a nan ba. Yana nufin dole ka haɗa da matacin mai na musamman mai raba ruwa da fetur, wanda ake ɗaurawa tsakanin tanki da inji. Masu ƙera injina suna ba da shawarar mai lamba 10, wato mai tare dattin da ya kai girman maikuron 10. Ka riƙa zubar da ruwan da ya taru a ƙasansa, ka tace mai kafin ka zuba a tanki, ka kuma ajiye matacin canji. Idan ka san ba za ka iya wannan ɗawainiya ba, ko yaran da za ka ba jirgin ba za su yi ba, ka riga ka samu amsarka.

Tambaya ta biyu: wa zai gyara?

Ka yi wannan binciken kafin ka biya kuɗi, ba bayan injin ya tsaya ba. Makanikan babur da na injin ban-ruwa suna ko'ina, daga Kiyawa zuwa Jahun, kuma duk wanda ya ƙware da kafireton babur zai gane na jirgi cikin ɗan lokaci. Mai injekta kuwa yana bukatar wanda ya san wayoyi da sensa, yana da na'urar auna lantarki, kuma a wasu matsalolin sai da kwamfuta da manhajar kamfanin.

Sai kayan gyara. Kano ba ta da nisa da Dutse, kuma a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ana samun kayan injina iri-iri. Amma manyan dillalan injinan jirgi a kudu suke, wajen Legas, Fatakwal da Warri, inda kasuwar take. Filogi da roba za ka samu kusa. Famfon mai na lantarki ko ƙwaƙwalwar wani inji da ba a saba da shi ba kuwa, sai an aiko. Idan ya ɗauki mako biyu a tsakiyar Agusta, lokacin da fito ya fi ciniki, abin da ka yi asara zai iya cinye duk man da ka tattala a shekarar.

Ka tuna abin da ya faru da motoci. Lokacin da masu injekta suka fara yawa a Arewa, akwai masu kai motarsu gareji a cire injektar a dasa kafireto, don kawai babu mai gyara. Yau ana samun masu na'urar duba ƙwaƙwalwar mota a manyan gareji, babu mai tunanin komawa baya. Injinan jirgi da babura ma nan suka dosa, sai dai ba su iso ba tukuna. Ga matashin da ke neman sana'a, wannan giɓi ne da ya kamata a lura da shi.

Tambaya ta uku: awa nawa zai yi aiki?

Mai injekta ya fi tsada a saye, ya fi arha a hawa. Abin da za ka lissafa shi ne yaushe tattalin mai zai biya ƙarin kuɗin. Akwai wani ƙiyasi da masu jirgi ke amfani da shi: ka raba ƙarfin dokin injin gida 10, abin da ya fito shi ne kusan galan nawa na Amurka zai sha a awa idan an murɗe totur duka, galan ɗaya kuwa lita 3.8 ne. Mai doki 40 ke nan zai sha wajen lita 15 a awa, mai bugu biyu ma yakan wuce haka. A matsakaicin gudu abin yana raguwa sosai.

Ga misali da lambobin da aka ɗauka don sauƙin lissafi kawai, kai sai ka sa naka. A ce mai bugu biyu yana shan lita 10 a awa, mai injekta lita 7, lita kuma naira 1,000. Bambancin naira 3,000 ne a kowace awa. A ce kuma mai injektar ya ɗara ɗayan tsada da naira miliyan 2. Kana bukatar awa kusan 670 kafin ka fanshe.

Mai fiton da ke aiki awa 4 kullum na kwana 100 a damina yana yin awa 400 a shekara, zai fanshe kafin damina ta biyu ta ƙare. Wanda ke aiki awa 1 kawai a rana cikin kwanakin nan 100, sai ya yi kusan shekara 7. Ka ga inji ɗaya ne, farashi ɗaya, amma ga wani riba ne, ga wani kuma kuɗi ne aka binne.

Ka sa baƙin mai a lissafin. Injina masu bugu biyu da yawa ana haɗa musu 50 da 1, wato rabin lita na baƙin mai a lita 25 na fetur, kuma wanda aka yi don injin ruwa ake so, mai alamar TC-W3, ba na mota ba. Mai bugu huɗu kuma ana canza masa baƙin mai kusan duk awa 100. Ka duba littafin injinka don ainihin adadin.

Wani abin da ya shafi yankinmu shi ne aikin na lokaci ne. Kogin Haɗeja ya dogara da ruwan sama da kuma ruwan da ake saki daga madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano, kuma da rani wurare da yawa ba su da zurfin da inji zai bi. Injin da zai yi wata shida ko bakwai a ajiye yana bukatar shiri. Mai kafireto a tsiyaye masa kofin tas kafin a ajiye. Mai injekta a riƙa tayar da shi lokaci-lokaci da sabon mai, ƙafarsa tana cikin ruwa, don kada famfo ya ƙage.

Batir, nauyi da ciyawa

A da, duk inji mai injekta sai da batir. Yanzu ba haka ba ne a ƙananan. Tun 2012 Suzuki ta fito da DF15A da DF20A masu injektar da ba ta neman batir: kana jan igiya, ɗan janareton da ke kan injin zai ba ƙwaƙwalwa da famfo wutar da suke bukata. Yamaha, Tohatsu da Mercury ma suna da irinsu. Manyan injina kuwa har yanzu suna dogara da batir mai kyau, kuma batir da ya yi sanyi ko wayar da ta yi tsatsa na iya hana su tashi. Idan za ka sayi mai injekta don ƙauyen da wutar lantarki ba ta da tabbas, ka tambaya ƙarara ko yana tashi ba batir.

Nauyi ma abin dubawa ne. Mai bugu biyu mai doki 40 yana ɗan haura kilo 70, takwaransa mai bugu huɗu kuma yana kusantar kilo 100. Jirgin katako da ba a yi bayansa don ɗaukar wannan nauyi ba zai nutsa ta baya, ya rage yawan kayan da zai ɗauka lafiya. Idan kuma al'adarku ce a cire inji da yamma a kai gida saboda ɓarayi, ka tuna mutum nawa za su ɗauka. Mai bugu huɗu ba a kwantar da shi ta kowane gefe, don baƙin mai zai iya malala cikin silinda.

Sai kacala da sauran ciyayin ruwa da suka cika hanyoyin ruwa daga Auyo zuwa fadamun Haɗeja da Nguru. Injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya kansa, yana zuƙa ta wasu ramuka a ƙafarsa, kusa da farfela. Ciyawa ko leda ko yashi na toshe su, injin ya yi zafi. Kowane iri ka saya, idonka ya kasance a kan ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan injin. Idan ya tsaya, ka kashe nan take. A nan mai injekta ya yi fice, domin shi zai yi maka gargaɗi ya rage gudu, yayin da tsohon mai kafireto kan ci gaba har ya ƙone.

Inda wayarka za ta yi amfani

Masu mota da yawa sun san 'yar na'urar nan mai Bluetooth, ELM327, da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari a karanta matsalar mota da manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Kada ka saye ta don injin jirgi. An yi ta ne don mahaɗar OBD-II da aka wajabta wa motoci a Amurka tun 1996, injinan jirgi kuwa kowane kamfani da tasa mahaɗar. Yamaha na da manhajarta ta kwamfuta da dillalai ke amfani da ita. Mercury na da na'urar da ke turo bayanan wasu injinanta zuwa waya, kamar awannin aiki da yawan man da ake sha. Kafin ka dogara da irin wannan, ka tabbatar samfurin da za ka saya yana cikin waɗanda take yi wa aiki.

Ko da mai kafireto ne, wayarka za ta taimaka. Ka sauke manhajar auna gudu ta GPS, ka cika tanki, ka yi tafiyar da ka saba, ka sake cikawa kana auna lita nawa ta shiga. Ka maimaita da gudu daban-daban. Za ka ga cewa sassauta totur zuwa kusan kashi uku cikin huɗu yana rage shan mai da yawa, alhali lokacin tafiyar kaɗan ya ƙaru. Ka riƙa rubuta awanni da ranar canjin mai a wayar. Ka kuma ɗauki hoton lambar injin da rasit ka adana a Google Drive, zai yi maka rana idan an sace ko za ka sayar.

Idan babur ko keke za ka saya

Lissafin ɗaya ne. Akasarin baburan haya da ke kan titunanmu masu bugu huɗu ne da kafireto, wato zaɓin nan na tsakiya, shi ya sa suka karɓu: ba su da shan mai sosai, kuma kowa ya iya gyaransu. Mai injekta zai fi dacewa da wanda ke yawo cikin gari, yana shan mai a gidan mai, yana kusa da wakilin kamfanin. Abin da babur ya ɗara jirgi da shi shi ne ƙura. Matacin iska da ya toshe da ƙurar hunturu yana sa kafireto zubar da mai, don haka wanke shi ko canza shi a kan kari ya fi duk wata dabarar rage shan mai da za a tallata maka.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ka nemi a tayar da injin a gabanka yana da sanyi, ƙafarsa cikin durom ɗin ruwa. Tayar da shi a bushe ko na ɗan lokaci ne yana lalata robar famfon ruwa. Ka duba lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta takarda, domin akwai injina masu kwaikwayon launi da rubutun manyan kamfanoni. Ka auna tsayin bayan jirginka, don injina suna da gajeriyar ƙafa da doguwa. Idan na hannu ne mai injekta, ka nemi a karanta awanninsa daga ƙwaƙwalwa, wannan wata fa'ida ce da mai kafireto ba shi da ita. Ka tambayi farashin abubuwa uku da kwanakin da za su ɗauka kafin su iso: robar famfon ruwa, farfela, da famfon mai.

Kada kuma kuɗin ya ƙare a inji. Hatsarin kwale-kwale da ake samu a jihar nan da damina ya fi alaƙa da lodin da ya wuce ƙima, tafiyar dare da rashin rigar kariya. Inji yana ƙara gudu, gudu kuma yana ƙara haɗari. Ka ware kuɗin riguna, ka riƙa ɗaura igiyar kashe inji a hannunka, ka bar filafili a cikin jirgi ko da injinka sabo ne.

To wanne za ka ɗauka?

Idan jirgin zai yi aiki ne watannin damina kawai, a ƙauyen da mai sai a jarka, makanike mafi kusa kuma na babur ne, mai kafireto ya fi maka kwanciyar hankali. In aljihu da bayan jirgin za su ɗauka, mai bugu huɗu zai rage maka mai da hayaƙi. In kuwa sauƙin ɗauka da samun kayan gyara ne kan gaba, mai bugu biyu da kowa ya sani yana nan.

Idan kuma aikin na kullum ne, awanni da yawa a rana, kana iya samun mai mai tsabta ka tace shi, kuma ka riga ka san sunan wanda zai duba maka injin da inda kayansa za su fito, to mai injekta zai mayar maka da kuɗinsa, ya kuma bar maka riba. Kafin ka je wajen dillali, ka zauna da wayarka ka yi lissafin awannin nan, sannan ka je bakin ruwa ka tambayi masu fito wane inji ne makanikensu ya iya.